Kawuna Magini Ne, Na Ce Ɗan Kwangila

Haruffa uku ne suka kai ni neman digiri na biyu, ba ƙishin ilimi ba. Duk wanda ya san masu zanen gine-gine a ƙasar nan ya san "Arc." ɗin da suke maƙalawa gaban sunansu. Tun da Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2010, duk sanda na ga sunansa a jarida da wannan laƙabi sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ni ma fa zanen gini na karanta. Shekara huɗu na yi ina kwana a kan allon zane, na yi hidimar ƙasa, na samu aiki a wani ofis a sakatariyar jiha da ke nan Gwadangaji, amma a unguwarmu masu mutunta ni su ce Injiniya, marasa mutunta ni su ce mai zanen gida. Inna kuwa in ƙawayenta suka tambaye ta aikina, cewa take yi ina ofis ina zane-zane, da irin muryar da ake ba da labarin yaron da bai gama hankali ba.

Abin da mutanen unguwa ba su sani ba, kuma ni ban yi gaggawar sanar da su ba, shi ne digirin farko bai isa ya ba ka waɗannan haruffa ba. Tun 1969 doka ta kafa hukumar ARCON mai yi wa masu wannan sana'a rajista. Sai ka ƙara shekara biyu na digiri na biyu, ka yi aiki a ƙarƙashin wani mai rajista, ka zauna jarrabawar ƙwarewa, sannan a ba ka lamba da hatimi. Kafin nan, duk zanen da ka yi wa mutum, in ana son hukuma ta amince da shi, sai ka ɗauka ka kai wa mai hatimi ya buga maka, ka ba shi nasa kason. Wannan kason ya daɗe yana ci mini rai. Amma in zan faɗi tsakani da Allah, ba kuɗin ne suka fi damuna ba. Ƙarar hatimin ce, da yadda mai shi ke hura masa iska kafin ya danna.

Sai na fara daga ƙarshe. Tun ban sayi fom ba na je wurin masu buga kati a Birnin Kebbi, na sa aka buga mini kati mai ruwan zinare da haruffan nan uku a gaban sunana. Na ce wa kaina ai niyya ce, kuma niyya rabin aiki ce. A wani ɗaurin aure na yi ta rabon katin har ɗaya ya faɗa hannun wani dattijo da ban sani ba. Ya ɗaga tabarau ya karanta, ya dube ni da fara'a, ya ce, "Madalla, ashe abokin sana'a ne. Mece ce lambarka?" Na gyara tsayuwa na fara karanto masa lambar wayata. Ya bari na kai ƙarshe tsaf, sannan ya ce a hankali, "Ta rajista nake nufi, ɗana." Ban tsaya cin shinkafar bikin ba.

Neman gurbin karatun ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ka biya kuɗin fom ta Remita, ka cike shi a intanet, ka sa tsohuwar jami'arka ta aika da cikakken sakamakonka, ka nemi malamai su rubuta maka takardar shaida, ka haɗa da takardar hidimar ƙasa da ta sakandare, sai kuma kundin zane-zanenka da za a duba a ga hannunka. Duk mai hankali zai fara da sakamakon, don shi ke cin lokaci. Ni sai na fara da bangon kundin. Na yi makonni ina zaɓen kalar fata da irin rubutun da za a sa sunana, na je aka ɗauke ni hoto da kwat ina riƙe da fensir a haɓa. Ranar da na shiga kafe da niyyar ɗora takarduna, yaron da ke wurin ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna mini an rufe tun makon jiya. Matsalar ita ce na riga na sanar a majalisarmu, har an yi mini addu'ar tafiya, wani ma ya ba ni gudummawar kuɗin mota. Shekara guda na yi ina cewa an ɗage. Mai gudummawar bai taɓa tambayar kuɗinsa ba, sai dai duk haɗuwarmu ya ce, "Ya hanya?"

Da shekara ta zagayo na yi komai a kan kari, aka kira ni ganawa. A cikin kundin nan babu ko ɗaya daga abubuwan da na zana aka gina da gaske. Jerin shaguna, da azuzuwa biyu na wata Islamiyya, da wurin alwala na masallacin unguwa, duk na ga ba su kai a nuna wa Farfesa ba. Na cika shi da dogayen benaye na gilashi waɗanda ba su da fili, ba su da mai su, ba su da gari. Malamai uku suka zauna suna juya shafukan, babu mai cewa uffan. Can mafi tsufansu ya ce in faɗa masa ginin da na fi sani a duniya. Na ce Burj Khalifa, ranka ya daɗe, mita 828, an buɗe shi a 2010 a Dubai. Ya ce na taɓa shiga? Na ce tukuna. Ya duba takardata ya ce ashe daga Kebbi nake, to na taɓa zuwa Surame, birnin da Kanta ya gina da ganuwar dutse tun ƙarni na 16? Na ce ina da niyya. Ya ce to gidan tarihi na Kanta a Argungu fa, wanda ya kasance fadar sarki har 1942, yaya kaurin bangonsa yake, da me aka rufe shi? An kai mu wurin muna firamare. Na tuna tambura da masu da takubba, na tuna kifin da muka saya a bakin hanya. Bango kam ban tuna akwai shi ba.

Sai ya yi tambayar da har yau in na tuna ta nake runtse ido. Ya ce, "A gidanku akwai mai harkar gini?" Na ce, "Akwai kawuna. Ɗan kwangila ne."

Kawu magini ne. Maginin ƙasa, ɗan magini, jikan magini. Ƙanen Inna ne, kuma a gidansa na girma. Kuɗin da aka saya mini kayan zane na farko daga yaɓen gidajen mutane suka fito. Ƙafafunsa duk faso ne saboda shekarun da ya yi yana taka kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba ya auna komai da tef, sai da kamu da taƙi da ido. Wannan mutumin ne na saka wa babbar riga da mota a bakina, don kada malamai uku da ba su san shi ba su raina ni. Dattijon ya rubuta wani abu a takarda, ya ce in tafi. Suka ɗauke ni duk da haka. Na ɗauka gwanintata ce.

Karatun kansa rabinsa a situdiyo yake. A ba ku aiki, ku yi makonni kuna kwana kuna zane a kwamfuta da yankan kwali kuna haɗa samfurin gini, in wuta ta ɗauke a koma fitilar waya, sannan ranar juri ka liƙa zanenka a bango ka tsaya gaban malamai su yi maka filla-filla a gaban 'yan ajinku. Da aka ce kowa ya zaɓi aiki daga jiharsa, na zaɓi masaukin baƙi a gaɓar Matan Fada don masu zuwa bikin kamun kifi na Argungu. Na yi shimfiɗa mai kyau: bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, baƙi na zuwa daga ko'ina. Har nan ana gyaɗa kai. Sai na yaye takardar da ta rufe babban hoton.

Bene ne mai hawa da yawa, gilashi tun daga ƙasa har sama, yana fuskantar yamma don baƙi su ga faɗuwar rana a kan ruwa. Na haɗa shi a Revit na ƙawata shi a Lumion, kuma da yake mutanen da ke cikin manhajar na ɗauko na zuba, sai ga Turawa da gajeren wando suna yawo a bakin kogin Argungu, wata tana jan kare, bayansu itatuwan da ba su taɓa ganin hunturunmu ba. Wata malama ta matso ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Waɗannan su ne Kabawan?" Aji ya ɗauki dariya. Wani ya ce in faɗa masa yadda zafin Afrilu yake a garinmu. Na ce yana wuce digiri 40. Ya ce to wannan gilashin da zai sha ranar yamma tun daga Azahar har Magariba, lita nawa ta dizal na ware a wuni don kada baƙin su dahu? Ban ware ba. Na ukun ya nuna inda na sa janareta da wurin ajiye motoci, wato a ƙarƙashin ƙasa, a gaɓar kogi, ya ce ko na ji labarin ambaliyar 2020. Ba labari na ji ba, da idona na gani. Na ga gonakin shinkafa sun zama tafki tun daga fadamar Birnin Kebbi har Argungu, na taya 'yan'uwa kwashe kaya. Amma a kaina wancan ruwa na gida ne, wannan kuma zane ne na makaranta, ban taɓa tunanin za su haɗu ba.

Aka kora ni ɗakin karatu da sunayen littattafai. A can na buɗe aikin Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan da ya yi shekaru yana zagaya Najeriya yana auna gine-ginen gargajiya, aka buga shi mujalladi uku a 1990 bayan rasuwarsa. Na buɗe na J. C. Moughtin kan ginin Hausa, na 1985. Ina juya shafi sai na ci karo da zanen rufin soro an tsaga shi biyu, an nuna yadda ake ɗaura azara a kan azara, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙasanta, har bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Na daɗe ina kallonsa da sha'awa kafin in gane inda na san shi. A ƙarƙashin irinsa na yi barci tun ina yaro, a soron Kawu, kuma abin da kawai na taɓa nema a rufin shi ne inda jemage ke maƙalewa. Akwai kuma binciken digirin digirgir na Farfesa Hamman Tukur Sa'ad na 1981 a kan maginan Hausa da yadda suke ganin kyau a gini. Shi na bari ƙarshe. Sunan ya yi kama da namu da yawa.

Aka kai mu Zariya, garin da ake koyar da wannan fanni tun shekarun 1950, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Muka shiga tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Na ɗaga kai na ga bakuna suna tashi daga ginshiƙai suna ratsa juna, duk da ƙasa da itacen giginya, ba siminti ba rodi. A nan na tuba. Kuma da yake ni ban iya yin abu daidai wa daida ba, na fito daga masallacin na zama mai wa'azin ƙasa. Na ajiye kwat, na ɗinka rigunan saƙi, na sayi tabarau mai zagaye. Duk wanda ya zauna kusa da ni a mota sai ya ji yadda bango mai kauri ke shanye zafin rana ya riƙe shi, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Na haddace Falke Barmu, manomi kuma magini na garin Yama a jihar Tawa, wanda ya fara gina masallacin garinsu a 1962, aka ba ginin kyautar Aga Khan a 1986. Na haddace Mariam Issoufou Kamara da aikinta na Dandaji a 2018, inda aka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu aka gina sabo da bulon jar ƙasa. Da Francis Kéré na Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko, na yi ta karɓar barka a WhatsApp kai ka ce ɗan ɗakinmu ne.

Da wannan zafin na dawo Gwadangaji lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas. Na rataya tef, na ɗauki littafin rubutu, na je gidan da na girma a matsayin mai bincike. Na tarar da Kawu a ƙofar gida yana lura da yara suna buga bulon siminti, don shi ke kawo abinci yanzu. Na gaishe shi, na zauna na yi masa bayanin darajar ginin ƙasa. Shi. Na ba shi labarin Falke Barmu da kyautar da aka aiko daga ƙasar waje. Ya saurara yana sakace haƙori, ya ce, "To madalla. Yanzu Turawa sun yarda ke nan? Ashe mu huta."

Na ce, "Kawu, me ya sa kuka bar mutane suka watsar da abin nan?"

Ya ce, "Mi munka bari? Kai da kat tahi makaranta, ka taɓa zuwa taya ni yaɓe?" Sannan ya jero mini abin da babu shi a shafukan da na karanta, ko kuma akwai na tsallake. Gidan ƙasa kowace shekara sai an bi shi da yaɓe kafin ruwa ya sauka, an gyara indararo, an toshe inda ya tsage. A da gayya ake yi, yau kowa sai an biya shi. Makubar da ake shafawa don ruwa ya zame daga kwasfar ɗorawa ake samunta, ɗorawar kuma ana ta sarewa. Azara daga giginya take, namijin, wanda gara ba ta iya ci, kuma giginya ba a shekara goma take isa sara ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin da ya wuce kamu huɗu sai an yi mata dabara, shi ya sa babban soro ke cin itace da yawa. A ambaliyar 2020 gidajen ƙasa ne suka fara zubewa, don in ruwa ya kwanta a gindin bango ya gama da shi. Ya ƙara da cewa yau in saurayi ya je neman aure, ana aiko mata su ga ɗaki, kuma ba kaurin bango suke zuwa aunawa ba. Maganar kulawa da gini ba wasa ba ce. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

Duk na rubuta abin da Kawu ya faɗa, amma ban ji ba. Na ƙudurta zan gina ɗakin gwaji a bayan ɗakin Inna, in auna zafinsa in gwada da na ɗakin bulo da kwano, in sa a kundin bincikena. Wani abokina mai tifa ya zubo mini ƙasar fadama kusan kyauta. Kawu ya zo ya ɗebi kaɗan, ya tofa mata ruwa, ya murza a tafin hannu, ya mulmula ta ta yi tsawo ba ta karye ba, ya shinshina, ya yar. Ya ce, "Wagga ta shinkafa ce da tukunya. Ta gini tana tudu, ja, mai tsakuwa." Ya ce a kwaɓa ta da busasshiyar ciyawa da kashin doki, a tattake, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake jiƙawa a sake takawa. A cura tubali da hannu a shanya sai sun bushe ƙamas. A jera su tsinin yana sama, layi kaɗan a wuni, a bari ya sha iska kafin a ɗora wani. Gindi da kauri, sama da sirantaka. Kuma duk wannan aikin rani ne, ga shi mun shiga Mayu, gabas ta fara haɗa hadari. Na ce masa kundina ba zai jira rani ba. Ya ce, "Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba," ya sa takalminsa.

Na ɗauko yaran bulo, waɗanda ba su taɓa cura tubali ba, na tsaya a kansu da littafi a buɗe. Cikin 'yan kwanaki bango ya wuce kaina. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan ajinmu. Kafin mako ya zagayo ya tsattsage, har ana hango maƙwabta ta cikinsa. Na ce wannan numfashi ne ginin ke yi. Daren da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da iskar gabas, muka ji rugum. Da asuba aka tarar bangon ya kwanta a kan akurkin kajin Inna. Kajin sun tsira ban da zakara. Inna ta tsaya ta dubi tarin laka, ta dube ni, ta ce, "Alhamdu lillahi da karatun bai kawo ɗakina ba." Kawu ya iso da hantsi, ya zagaya wurin hannu a baya, ya ce, "Littahin naka, can garinsu ba a damana?"

Da rani ya shigo shi ya gina mini ɗakin, shi da wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu, da jar ƙasar da ya zaɓa da kansa da tsofaffin azarun da ya ciro daga wani kango. Bai karɓi ko sisi ba. A ɗakin na yi aune-aunena, kuma bambancin ya fito fili: da tsakar rana ɗakin kwano ba ya zaunuwa, na Kawu kuwa har barci ke ɗaukar mutum. Duk babi na huɗu na kundina a kan wannan ɗaki ya tsaya.

To ga inda na ƙara nuna hali. Da na zo rubuta tsawon da azara ke iya ɗauka, Kawu ne ya faɗa mini, amma na koma ɗakin karatu na nemo shafin da Bature ya faɗi haka na jingina masa, don suna da shekara a cikin baka sun fi kyan gani. A shafin godiya na gode wa malamai, da shugaban sashe, da ofishinmu da ya ba ni hutun karatu, har da yaron kafe. Kawu yana can ƙarshen kundin a cikin jadawali, an rubuta "magini na uku". Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce duk abin da ke da amfani a aikin nan daga bakin magini na uku ya fito, wane ne shi, yana raye? Na ce yana raye. Ya ce a ina na samo shi? Na sunkuyar da kai na ce kawuna ne. Dattijon nan na ranar ganawa yana zaune a gefe, ban san yana saurare ba. Ya ɗago ya ce, "Ɗan kwangilar?"

Na ci jarrabawar. Hatimin dai har yanzu da saura, akwai ta ƙwarewa a gaba.

Da a ce ni kaɗai ne da wannan ciwo da na yi shiru na rufa wa kaina asiri. Amma mai karatu ya bi sababbin unguwannin Birnin Kebbi da yamma, ko ya bi hanyar Argungu, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje. Kwano ne mai tsini ya tashi sama, irin na ƙasashen da ƙanƙara ke taruwa a kan rufi. Ga ginshiƙan Romawa biyu a ƙofa waɗanda ba su ɗauke da komai. An kori zaure, don haka in baƙo ya yi sallama sai matar gida ta kwashi tire ta ruga ciki. An shafe tsakar gida da siminti, an sare bishiyar da ke ciki don ganye na ɓata wuri. In Afrilu ya zo aka ɗauke wuta, mai gidan da ya kashe miliyoyi sai ya jawo tabarma ya kwana a waje kusa da motarsa. Mun sha zogale a kwaɗo shekara da shekaru muna ɓoye kwanon in baƙo ya shigo, sai da aka zuba shi a kwalba da rubutun Turanci muka fara ba da labarin amfaninsa. Ni dai nawa ya fi muni, don sai da na biya kuɗin makaranta na shekara biyu da ɗoriya kafin in yarda da mutumin da ya goya ni.

Kuma kada a ɗauka na warke. Tuban muzuru na yi. Na samu fili a nan Gwadangaji, na fara gini, kuma da bulon siminti nake yi. Maiɗakina ta ce ita ba za ta shiga gidan da zai sa danginta su yi zaton an kore ni daga aiki ba, ni kuma na yi saurin yarda fiye da yadda ya kamata mai wa'azi ya yarda. Ginshiƙan nan biyu ma suna cikin zanen, na ce don inuwa ne. Abu ɗaya na tsaya a kai, shi ma don Kawu ya ce in babu shi ba zai taka gidan ba: zaure na ƙasa a bakin ƙofa, da bakan gizo, shi zai gina da hannunsa tun yana da sauran ƙarfi. An zubo jar ƙasa, an cura tubali, sun bushe. Azara ce ta gagara. Don haka duk wanda ya san inda ake samun ta namijin giginya, busasshiya, tsakanin nan da Yawuri, a farashin da ma'aikacin gwamnatin jiha zai iya, don Allah ya aiko mini da saƙo kafin ruwa ya sauka.